Facin Gugan Ja'e

Samarin nan masu kabu-kabu da ke tsayawa kusa da rumfata a Tasawa sun mayar da ni abin tsokana. Da zarar na ce na yi shekaru ina aikin gwamnati a kan keke, sai su kwashe da dariya, wani ya ce, "Baba Haruna, keke kuma aiki ne? Ai ko ƙanena na ajin farko ya iya shi." Nakan ƙyale su. Mutumin da iyakar saninsa ya murɗa hannu inji ya yi masa kuka, bai taɓa tura kaya cikin yashi da ƙarfin cinyarsa ba, me za ka gaya masa? Amma na gaji da ƙyalewa, gwiwoyina kuma sun fara nuna mini cewa in ina da magana in yi ta yanzu.

Keken da nake nufi ba irin wanda yara ke zagaye unguwa da shi ba ne. Baƙi ne, mai sanda biyu a tsakiya, birkinsa na ƙarfe, kariyarsa ta baya kuwa sai da maƙeri ya ƙara mata ƙafafu don ta ɗauki nauyi. Ko ba kaya a kansa sai ka yi nishi kafin ka ɗaga shi. An rubuta masa lamba da farin fenti, domin dukiyar gwamnati ne, na wani ƙaramin gidan likita a ƙasar Tasawa inda aka ɗauke ni palanto, wato ɗan aike. Aikina in kai magani da takardu da kananzir ƙauyuka, wani lokaci har cikin ƙasar Mayahi. Akwai mota a takarda, amma rabin shekara ko ba isanshi, wato man fetur, ko ta lalace tana jiran wani ƙarfe daga Maradi.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Gonda, tsohon palanton da zan gada. Gajere ne, mai faɗa, ƙafafunsa sun gwame saboda shekarun feda. Wata uku bai bar ni na ɗora ƙafata a kan keken nan ba. Kullum da safe sai ya sa ni in kifa shi, in wanke sarƙa da kananzir, in ɗiga mata baƙin mai, sannan in goge man da tsumma kamar ban sa ba. Na ce masa to mene ne amfanin sawa? Ya ce, "Wanda ya shiga ciki shi ka aiki. Wanda ya tsaya waje yashi yake kira, yashi ko shi ka cin sarƙa." Daga nan sai wayoyin ƙafa. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana kaɗawa da farce kamar mai gwada tsirkiyar gurmi, kunnensa a kusa. Wadda ta yi sako-sako ƙararta daban ce. In ka bar ta, gobe 'yar'uwarta ta tsinke, jibi ƙafar ta karkace, gata kana tafe a ƙasa kana turawa.

Iska ma da iliminta. Ba a cika taya tam da safe, domin in rana ta take iskar za ta kumbura, shambur, wato robar ciki, ya fashe maka a inda babu inuwa. A cikin yashi ana rage ta kaɗan don tayar ta baje ta hau kai maimakon ta nutse. In ka rage da yawa kuma, ga kaya a baya, ƙarfen ƙafar ya cije robar. Ba ma'auni, babban yatsa ne ma'auninka, shi kuwa ba ya koyo a wata ɗaya. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure da igiyar roba, sannan ka kama keken ka girgiza. In kayan sun motsa daban keken ya motsa daban, kwance ka sake. Jaki ana kaɗa masa ƙararrawa tun daga nesa. Raƙumi ba a kaɗa masa komai, sauka ake yi a ba shi hanya. In ka bi ta gindin aduwa ko wani itace mai ƙaya, tsaya ka shafa tayoyinka da tafin hannu, ka cire ƙayar tun tana bakin roba.

A ƙarƙashin sirdi akwai jakar fata. A cikinta sifana biyu, da ƙotocin cokali biyu na ɓanɓare taya, da guntayen shambur na faci, da murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa don kankare roba, sai sholisho, man da ke manne facin. Famfo yana ɗaure a jikin sanda. Ranar da Baba Gonda ya miƙa mini jakar nan, ya ciro sholishon ya ɗaga shi daidai hancina.

"Ka ji ni da kyau. Hwamhwo ka iya ba da aro, kana tsaye a yi aiki da shi a maido maka. Wanga ko in ya hita ya hita. Ba naka ba ne, na kayan da ke bayanka ne. Ko ubanka ya roƙa, ka ce babu."

Na yi dariya na ce, "Haba Baba, a ƙasar nan wa ke ce ma mutum babu alhali da akwai?"

Ya ce, "Shi ya sa aikin ke da wuya. Hawa ai kowa ya iya."

Tafiyata ta farko ni kaɗai, Attantane na nufa da kwalabe a cikin kwali. Ina gangara wani kwari cikin jin daɗi, har da fito, sai ga akuya ta gilma. Na damƙe birkin gaba, abin da aka yi ta hana ni, domin a yashi birkin gaba kayar da mutum yake yi. Keken ya kafa kai, ni na wuce ta sama. Babbar kwalbar maganin gyambo, shuɗin nan da ba ya fita, ta fashe a bayana. Na shiga gari daga wuya har ɗuwawu kamar an tsamo ni daga marina. Mata suka riƙa leƙowa ta saman darni suna tambaya ko sabon rini ne ya shigo daga Kano. Sati biyu ina yawo da launin nan. Da na dawo Baba Gonda ya fara duba ƙafar gaba ya ga ba ta karkace ba, sannan ya tambaye ni ko na ji ciwo.

Mutanen hanya su ne rabin wahalar. Duk ƙauyen da ka shiga, kai ne gidan waya, kai ne motar kasuwa. Wannan ta ba ka daddawa ka kai wa 'yarta, wancan ya ba ka zakara ka miƙa wa surukinsa, wani dattijo ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce ka goya shi zuwa Urafane tunda can ka nufa. In ka ce doka ta hana, sai ya ce shi ma ai gwamnati ta san da zamansa. Na koyi yadda ake ƙin goyo ba tare da an ɓata ba: in sauka in tura keken mu jera da dattijon muna hira har ya gaji da ni ya ce in wuce. Amma gaskiya ban taɓa iya cewa babu ba. Kewaye-kewaye kawai na iya, kuma shekaru da yawa hakan ya ishe ni.

Bayan fari na farko soja suka karɓi mulki, aiki ya canza kama. Kumandan na iya dirowa ba sanarwa, ya sa a fito da kayan ofis a jera a rana, yana bi yana dubawa. Ni da idona na ga an tasa ƙeyar wani mai gadi zuwa gidan kaso saboda fitilar ofis ta ɓace. Ya yi watanni kafin a gano fitilar a bayan kabad. Tun daga ranar na riƙa kwana da keken nan a ɗakina, matata tana mitar cewa ta auri mutum biyu. Ba zan ce tsoron bai yi amfani ba, kaya sun daina ɓacewa. Amma tsoro in ya zauna a cikin mutum ba ya tambayar lokacin da ya dace ya fito.

Sai fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko muni a wajenmu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Rumbuna suka koma wurin kwanan ɓeraye, su ma ɓerayen suka gudu. Ciyawa ta ƙare har ƙasa ta zama fili fetal, makiyaya suka koma hawa itatuwa suna sassare rassa don dabbobi su ci ganye. Abin da dabba ta bari shi ne ƙaya, kuma duk a kan hanya take zubewa. Ga shi an rufe iyaka, kayan keke da ke zuwa mana daga Najeriya suka yi ɓatan dabo. Sholisho ya zama abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Ni ɗaya ya rage mini, ɗan ƙarami, na riga na taɓa shi sau biyu.

A cikin wannan hali aka ji ƙyanda ta ɓulla a arewa tana gangarowa. Yaro mai ƙoshi ma ƙyanda tana wahalar da shi, balle wanda haƙarƙarinsa ke ƙirguwa. Aka aiko mana da allurar rigakafi, aka sa ta a firigon kananzir. Maganin nan ba ya son zafi ko kaɗan, in ya ɗumama ya mutu, ko da kwalbar tana nan yadda take. Mota ba isanshi. Sai Majo Isufu, babban ma'aikacin gidan likitanmu, ya shirya abin haka: shi zai bi motar kasuwa tun ana gobe zuwa wani ƙauye a kan hanyar Urafane, ya sa mai gari ya yi shela a tara mata da yara daga ƙauyuka da rugagen kewaye. Ni kuma in taso bayan sallar asuba da maganin a cikin akwatin sanyi, da ƙanƙara, in iso kafin rana ta take.

Ya ce mini, "Haruna, ƙanƙarar nan in ka yi sa'a ta kai azahar. Kar ka tsaya gaisuwa, kar ka karɓi saƙon kowa. Matan nan da yunwa za su zo, ba za su iya dogon jira ba."

Na ce, "Majo, hanyar nan ko ido rufe na san ta."

Na fita a kan lokaci. Akwatin a kariya, na lulluɓe shi da buhu jiƙaƙƙe, na girgiza keken, komai ya motsa tare. Tafiya ta yi kyau har hantsi. Da na taɓa buhun na ji ya bushe ƙayau, sai na ratse wata rijiya da ke gefen hanya don in sake jiƙa shi. Wannan ba laifi ba ne, haka aikin yake.

Mutum ɗaya na tarar a bakin rijiyar, wani Bafillace dogo, da shanu bakwai da suka zama ƙashi da fata, sun kewaye kwamin ruwa suna lasar busasshen katako. Daga baya na san sunansa Ja'e. Rijiyoyin can zurfi gare su, da sa ake jan guga. Na tsaya ina kallo, san nasa ya ja igiya har can nesa, gugan ya fito, irin na robar tayar babbar mota. Ya yage a gindi, tsawon taƙi guda. Kafin ya iso sama ruwan ya tsiyaye, abin da ya rage bai cika ƙwarya ba. An ɗinke yagar ya fi sau nawa, robar ta tsufa ta daina riƙe zare.

Na yi sallama na ce ruwa kaɗan nake so in jiƙa buhu. Bai tambaye ni ko ni wane ne ba. Ɗan ruwan nan da ya fito, shanunsa na miƙo wuya, ya kauce musu ya miƙo mini ya ce in fara sha. Na sha. Ya sake zura gugan, san ya sake ja yana tangaɗi, abin da ya fito ya juye shi kaf a kan buhuna. Sai da ya gama idonsa ya sauka a kan jakar da ke ƙarƙashin sirdi.

"Mai keke, ku ba ku rasa abin manne roba."

Ya ɗaga gugan ya ci gaba da magana.

"Kwana biyu ba su sha ba. Da sahe ne lokacina a rijiyar, in rana ta take masu garke su zo, sai jibi kuma. Waɗanga biyu ba su kai jibi." Ya nuna wasu shanu mata guda biyu da suka durƙusa.

Maganar Baba Gonda ta faɗo mini, har muryarsa na ji. Kalma ɗaya ce, babu. Na buɗe baki, ruwan mutumin nan bai gama sauka a maƙogwarona ba, ga buhuna yana ɗiga da ruwan da ya hana shanunsa. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san ba a shan ruwan mutum a bakin rijiya sannan a dubi idonsa a yi masa rowa. Na ce a raina tayoyina lafiya lau suke, na fi rabin hanya, ɗan kaɗan zan shafa. Na kwance jakar.

Facin guga ba facin keke ba ne. Sai da muka yanke tsohon zaren, muka goge robar muka shanya ta ta bushe, na kankare ciki da waje da murfin gwangwani. Na ciro mafi girman guntun shambur ɗina. Na shafa kaɗan na ga bai kai ko'ina ba, na ƙara, na sake ƙarawa. A ƙarshe sai da na tsaga gidan sholishon da wuƙa na kwashe sauran da yatsa. Sannan ga jira, domin in bai sha iska ba ba ya kamawa. Na manna, na sa Ja'e ya taka da diddige. Da muka zura gugan ya fito cike yana tumbatsa, shanun nan suka yi kansa har suna ture mu. Ja'e ya kama hannuna da hannu biyu yana ta addu'a, rabi da Hausa rabi da Fillanci. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na hau keke ina jin kaina mutumin kirki. Sai da na ɗaga kai na dubi rana na ga yadda ta yi sama.

Kuskure na biyu daga na farko ya fito. Gaba kaɗan akwai wani kwari da aka sassare itatuwansa, rassan ƙaya sun rufe hanya. A ranar da nake cikin hankalina sauka nake yi in ɗaga keken in tsallake, ko da zai ci ni lokaci. Ran nan ina so in rama lokacin da na ɓata, sai na hango wata 'yar kafa tsakanin rassa na ce zan iya bi. Na wuce, ban ko tsaya na shafa taya ba. Ban yi nisa ba na ji bayan keken yana rawa. Kafin in sauka ta gaba ma ta kwanta.

Na jingine akwatin a 'yar inuwar wani kututture, na ɓanɓare tayoyin. Huda huɗu a baya, biyu a gaba. Da sholishona a jaka, aikin da bai fi a dafa shayi a sha ba ne. Na bi dabarun Baba Gonda ɗaya bayan ɗaya. Akwai ta ɗaure shambur da zare a gefen huda biyu, amma wannan ta huda ɗaya ce, ba ta shida ba. Akwai ta cusa busasshiyar ciyawa a cikin taya har ta yi tauri a lallaɓa a kai gari. Na duba gabas na duba yamma, ko tsinke ɗaya babu, dabbobi sun cinye har saiwa. Na nemi ƙaro a jikin itatuwa, ɗan da na samu na tauna na shafa, na buga iska sau uku ya tashi. Na tuɓe rigata da rawanina na yayyaga na cusa. Ya ɗauke ni tafiyar da ba ta fi daga nan zuwa bakin kasuwa ba, tsumman ya dunƙule gefe ɗaya, ƙarfen ƙafar ya nutse cikin yashi.

A nan ne abin da ya fi damuna yake. Akwatin nan da nauyi, amma ba wanda zai gagari ƙato kamar ni ba ne. Da na yar da keken a gindin kututturen, na ɗora akwatin a ka na sa gudu-gudu sauri-sauri, wataƙila da na isa da sauran ƙanƙara. Na yi tunanin haka, har na kwance igiyar. Sai na dubi farar lambar da ke jikin keken, na tuna mai gadin nan da fitilarsa. A shekarar yunwa, keke a daji ba mai shi, ba zai kai la'asar ba. Na ji tsoro, tsoron kaso ne, ba wani abu ba. Na mayar da igiyar na ɗaure, na kama tura keke mai tayoyi biyu a sace da kaya a cikin yashi, ba riga, rana a tsakar ka. Ina tafe ina jin ruwa yana ɓulɓul a cikin akwatin, tun ina ce wa kaina ƙanƙara ce ke karo da juna har na daina yi wa kaina ƙarya.

Na isa bayan la'asar sakaliya. A gindin babban gawon ƙofar mai gari babu kowa sai Majo Isufu a kan benci, da tebur, da tukunyar dafa allurai da wutarta ta mutu. Ƙasar wurin duk sawun mata ne da na yara, har bayan inuwar. Sun jira tun hantsi, yara na kuka, masu nisa suka fara tashi, daga baya Majo ya sallami sauran. Ya buɗe akwatin ya tsoma hannu, ya daɗe bai fitar ba. Ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri.

"Ina sholishonka?"

Na gaya masa komai, ban rage ba, har da maganar igiyar da na kwance na mayar.

Ya ce, "Shanu nawa?"

Na ce, "Bakwai."

Ya juya ya dubi sawun nan na ƙasa, ya dube ni, ya tashi ya fara haɗa kayansa. A takardar da ya aika sama ya rubuta cewa ƙaya ta fasa tayoyi, wanda gaskiya ne. Ba a kulle ni ba, ba a kore ni ba. Keken ma da aka zo dubawa an same shi cif, har aka yaba mini da iya riƙo.

Kafin wani maganin ya iso makonni sun wuce, ƙyanda ta riga mu shiga. Da na koma garin na bi ta bayan gari, na ga ƙananan kaburbura sababbi a jere, na sauka daga keken na tura har na wuce su. Majo ya ce da irin yunwar nan, ko an yi allurar wasu ba za su tsira ba. Na san don ya sanyaya mini zuciya ya faɗa. Wasu ɗin dai da sun tsira.

Bayan shekara biyu, ruwa ya dawo, ina zaune a ƙofar gidan likita ina gyaran birki, sai ga dogon mutum da ƙwarya a hannu yana tambayar mai baƙin keke. Ja'e ne. Ya rungume ni, ya buɗe ƙwaryar, man shanu ne fal. Ya ce biyar sun mutu daga baya a hanyar kudu, amma biyun nan da suka durƙusa su ne suka rayu, har ɗaya ta haihu. Gugan ma yana nan, facin bai ɗaga ba. Na tambaye shi iyali.

"Lahiya lau. Sai 'yar ƙaramar, Hassana, Allah ya karɓi abinsa shekarar nan. Ƙyanda. Ran da munka haɗu ma uwatta ta kai ta allura can garin, sunka yini gindin gawo, anka ce magani bai iso ba. Haka Allah ya so."

Sifanar da ke hannuna ta faɗi ƙasa. Na sunkuya na daɗe ina nemanta alhali tana gaban ƙafata.

Na ci gaba da aikin har gwiwa ta ƙi, aka kawo babura, aka sallame ni. Na buɗe wannan rumfar ta faci. Abin da nake so samarin nan su gane ke nan in suna dariya: hawa ba shi ne aikin ba. Ni na iya hawa, na iya sarƙa, na iya jin wayar da ta saki tun kafin ta tsinke. Kalma ɗaya aka ce in koya, da kuma sanin ranar da ake yar da keke a ɗauki kaya, duka biyun ban iya ba.

Ja'e ya tsufa, amma duk kaka sai ya shigo Tasawa da ƙwaryarsa. Garkensa na yanzu duk jikokin shanun nan biyu ne. Yakan zauna a kan bencina ya gaya wa duk wanda ke wurin cewa wannan bawan Allah ne ya ceci dukiyarsa a shekarar fari. Nakan karɓi ƙwaryar da hannu biyu in yi godiya, in kai gida. Matata ta san ba na ci, maƙwabta take rabawa.

Bara, Ja'e yana zaune ina facin wata taya, sai ya ce, "Wai Haruna, na daɗe ina son in tambaye ka. Mi kake ɗauke da shi ran nan cikin akwatin nan, kana ta duban rana?"

Na ce, "Kayan gwamnati ne."

Ya yi dariya ya ce, "Ashe ban ɓata maka komi ba. Kayan gwamnati ai sun iya jira."

Na tsoma shambur a cikin ruwa ina neman huda, ban ɗaga kai ba.